Kuɗi a Ajiye, Mabuƙata a Layi: Amsoshin Tambayoyinku kan Asusun Ƙungiyoyin Agaji

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina ba wata babbar ƙungiyar agaji ɗan abin da ya sawwaƙa duk ƙarshen wata. Kwanan baya 'yata ta buɗo mini rahotonsu na shekara a intanet, sai na ga can wajen shafukan ƙarshe an jera wasu asusai, kowanne da sunansa, kuma kuɗin da ke kwance a cikinsu ya fi abin da suka ce suna nema a roƙon da suka turo mini makon nan. Har hannun jari gare su. Malam, mutane na kwana da yunwa, su kuma sun kulle dukiya suna juya ta kamar 'yan kasuwa? Raina ya ɓaci ƙwarai. In daina ba su ne?
Daga wata mai karatu

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki ɗan dakata tukuna. Ɓacin ranki yana da dalili, domin akwai ƙungiyoyin da suka cancanci a yi fushi da su a kan wannan, sai dai jimillar da kika gani a ƙasan shafi ba za ta gaya miki ko taki tana cikinsu ba. Aikin akanta na yi a ofisoshin agaji har na yi ritaya, kuma abin da nake fara koya wa duk sabon yaron da aka kawo mini shi ne, kuɗin da ke bankin ƙungiya ba duka take da iko a kansu ba. A banki wuri ɗaya suke, amma a littafi kowane kaso da mai shi, da abin da ya ce a yi da shi.

Kaso mafi tsoka a yawancin manyan ƙungiyoyi shi ne kuɗi mai sharaɗi. Wata gwamnati ko wani attajiri ya ce, ga wannan, a haƙa rijiyoyin burtsatse a yanki kaza cikin shekara 3. Idan ya biya gaba ɗaya tun farko, to rabon shekara ta biyu da ta uku zai bayyana a rahoto kamar kuɗin da aka rasa abin yi da su, alhali tuni an san ramin da kowane kwabo zai faɗa. Ki leƙa teburin akanta ki gani: kowane rasit da lambar asusunsa a kai, an rubuta da jan biro. Man janareta na ƙaramin asibiti ɗaya sai a raba kuɗinsa gida uku, saboda ɗakin haihuwa wani ne ke ɗaukar nauyinsa, ɗakin yara masu tamowa wani daban, firjin allurar rigakafi kuma na uku. Direba ya kai magani ya dawo, sai ya cika takarda ya faɗi kilomita nawa ya yi wa wane aiki. Aiki ne mai cin rai, amma da shi ake iya duban idon mai bayarwa a ce masa ga inda kuɗinka suka shiga.

Wannan tsari yana da ranar da yake ciwo. Na taɓa zama a wani ofis lokacin da cutar amai da gudawa ta ɓarke a sansanin da muke aiki. A asusunmu akwai kuɗin rijiyoyi masu yawa, ba a kai ga taɓa su ba domin damina ta hana motar haƙa shiga. Likitarmu ta shigo ofishina ko safar hannu ba ta cire ba, ta dafa tebur ta ce, ruwan ƙari ya kusa ƙarewa, kai kuma kana zaune a kan kuɗi. Gaskiyarta. Amma ni ba ni da ikon cire ko sisi daga kuɗin rijiya sai mai kuɗin ya amince a rubuce, shi kuma ofishinsa yana wata nahiya, ga shi ƙarshen mako. Abin da ya fitar da mu ranar shi ne wani asusu daban, irin waɗanda kika gani a rahoto suka ɓata miki rai. Zan zo kansa.

Kafin nan, ga abin da ke faruwa idan ƙungiya ta yi wasa da sharaɗi. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, ƙungiyar Red Cross ta Amurka ta buɗe asusu na musamman, jama'a suka zuba sama da dala miliyan 500 cikin 'yan makonni. Da aka ji cewa za a ware wani kaso mai kauri don shirin ko-ta-kwana na gaba, har da tanadin jini, sai ƙasar ta ɗauki zafi. Masu bayarwa suka ce su iyalan waɗanda abin ya shafa suka ba. Shugabar ƙungiyar, Bernadine Healy, ta sanar da sauka a watan Oktoba, a watan Nuwamba kuma ƙungiyar ta janye shirin. Tanadin da suka so yi ba shirme ba ne, laifinsu shi ne sun so yin sa da kuɗin da mutane suka bayar da wata niyya.

Ki kwatanta da abin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi bayan ambaliyar tsunami da ta auka wa ƙasashen gaɓar tekun Indiya ranar 26 ga Disamba 2004, wadda ta hallaka mutum fiye da 220,000. Kuɗi suka yi ta kwararowa har suka wuce abin da aikinsu a can zai ci. A farkon Janairu 2005 suka fito suka ce a dakata da aiko musu kuɗin tsunami. Wasu ƙungiyoyi sun ji haushin wannan magana ƙwarai. Daga nan suka bi masu bayarwa suna neman izinin karkatar da rarar zuwa wasu wurare, wanda bai yarda ba a mayar masa da abinsa. Ƙalilan ne suka karɓi kuɗinsu. Da wannan rarar aka taimaka wajen jinyar dubban yara masu tamowa a Nijar a shekarar 2005, da waɗanda girgizar ƙasa ta rutsa da su a Pakistan a watan Oktoba na shekarar. Ni a wurina, wannan ita ce hanya: a tambayi mai abu.

Kaso na biyu shi ne wanda kwamitin amintattu na ƙungiya ke warewa da kansa daga kuɗin da aka bayar ba sharaɗi, irin naki na wata-wata. Shi ne asusun ko-ta-kwana. Da shi muka sayi ruwan ƙari a ranar da na ba ki labari, aka mayar da gurbinsa bayan kuɗin roƙo sun shigo. Dalilin ajiye shi a fili yake. Bala'i ba ya jiran a kammala gidauniya. Roƙon kuɗi kan ɗauki makonni kafin ya haifar da wani abu, rayuka kuma a kwanakin farko aka fi asararsu. Shi ya sa tarayyar ƙungiyoyin Red Cross da Red Crescent ta kafa asusun DREF tun 1979, wanda ke tura kuɗi ga reshen ƙasar da bala'i ya auka wa tun kafin 'yan jarida su iso, har ma a kan ƙananan masifu da ba wanda zai taɓa jin labarinsu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da nata, CERF, a Disamba 2005, ya fara aiki a 2006, a 2016 kuma aka ɗaga burinsa zuwa dala biliyan 1 a shekara. Abin da ya fi burge ni a tsarin CERF shi ne kimanin kashi ɗaya bisa uku ana ware shi ne don rikice-rikicen da duniya ta manta da su.

Akwai kuma ɓangaren da ba a son faɗa a takardar roƙo, wato albashi da haya. Manyan masu bayarwa da yawa sai an yi aiki an kai rasit suke biya, wani lokaci bayan watanni. A tsakanin nan nas za ta ci abinci, mai gidan da aka kama haya ba ya jira. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce ƙungiya ta riƙe abin da zai ɗauke ta wata 3 zuwa 6 ko da komai ya tsaya. A Birtaniya, ƙungiyar Kids Company mai kula da yara marasa galihu ta rufe a Agusta 2015, 'yan kwanaki bayan gwamnati ta ba ta fam miliyan 3, kuma ƙarancin kuɗin ajiya na cikin abubuwan da bincike ya yi ta nanatawa. Duk abin da ya shigo kashe shi ake yi a kan yaran, wanda a ido abin yabo ne, amma da iska ta kaɗa sai yaran suka wayi gari ƙofa a rufe. A 2025 ma, da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje kwatsam, ta kuma rushe USAID, hukumarta mai raba wannan tallafi, an ga bambanci ƙiri-ƙiri. Masu ɗan abin ajiya sun samu sararin miƙa marasa lafiya ga wasu asibitoci da sallamar ma'aikata cikin mutunci. Waɗanda ba su da shi, dare ɗaya suka kulle.

Kaso na uku shi ne wanda ya kai su ga hannun jari, kuma mu Musulmi bai kamata ya zama mana baƙo ba, domin waƙafi ne. Sayyidina Umar ya samu gona a Khaibar, ya nemi shawarar Manzon Allah (SAW), aka ce masa in ya so ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta. Sai ya sharɗanta ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, ba a gadonta. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Ƙa'idar ke nan har yau: uwar kuɗi ba a taɓa ta, abin da ta haifa shi ake kashewa. A duniyar agaji misalin da na fi so shi ne asusun Sarauniya Shoken ta Japan. A 1912 ta ba Red Cross yen 100,000 don ayyukan jin ƙai na lokacin zaman lafiya. An fara rabon ribarsa a 1921, kuma har yanzu duk ranar 11 ga Afrilu, ranar da ta rasu, ana sanar da ƙungiyoyin ƙasashen da za su amfana. Gidan sarautar Japan da gwamnati da Red Cross ta ƙasar sun yi ta ƙara masa kuɗi. Matar ta rasu tun 1914, kyautarta na nan tana horar da masu ba da agajin farko a ƙasashen da ko taswirarsu wataƙila ba ta taɓa dubawa ba.

Za ki ce me ya sa agaji, wanda aikin gaggawa ne, zai buƙaci kuɗi mai dogon zango? Saboda gaggawar ba ta ƙarewa yadda talabijin ke nunawa. Ɗauki yaron da nakiya ta cire wa ƙafa yana ɗan shekara 6. An yi masa ƙafar roba, an ɗauki hoto, an aika wa masu bayarwa. Yaron yana girma, kafin shekara ta zagayo ƙafar ta yi masa kaɗan, ta fara gurje masa dungulmin. Haka zai yi ta buƙatar sabuwa har ya gama girma, daga nan kuma duk bayan 'yan shekaru har ƙarshen rayuwarsa. Mai ƙera ƙafar kansa shekaru ake yi ana horar da shi. Idan kuɗin cibiyar na wata 12 ne, a wata na 9 ƙwararren ma'aikacin ya fara neman wani aiki, domin bai san ko za a sabunta ba. Na sha ganin haka. Wannan ciwo ne ya sa a taron agaji na duniya da aka yi a Istanbul a Mayu 2016 manyan masu bayarwa suka yi alƙawarin ƙara ba da kuɗi na shekaru da dama tare da rage yawan sharuɗɗa. Cika alƙawarin kam ya yi tafiyar hawainiya.

To yanzu koma ga rahoton, ki sa 'yarki ta nemo miki abubuwa kaɗan. Ta raba miki jimillar nan: nawa ne mai sharaɗi, nawa ne waƙafi, nawa ne ya rage wanda suke da cikakken iko a kai. Wannan na ƙarshen kaɗai za ki auna da abin da suke kashewa a shekara. Idan na wata 4 ne ko 6, ki kwantar da hankalinki. Idan ya kai na shekara 2 ko 3 kuma ba su faɗi dalili ba, ga shi suna turo miki hoton yaro mai ƙashin haƙarƙari a waje suna cewa yau ko gobe, to fushinki ya samu gurbi. Ki duba ko sun rubuta ƙa'idar ajiyarsu, wato nawa suke son riƙewa, don me, kuma wa ke da ikon ba da umarnin a buɗe. Ki duba ko kuɗin suna motsi. Asusun gaggawa da ya shekara 5 ba a taɓa shi ba, alhali duniya ba ta huta da bala'i ba, akwai magana. Sannan ki ga ko masu binciken kuɗi na waje sun sa hannu ba tare da ƙorafi ba. In abu ya shige miki duhu, ki rubuta musu. Ƙungiyar kirki za ta amsa, kuma yadda suka amsa ɗin ma amsa ce.

TAMBAYA: Malam, ni ne ma'ajin wata ƙaramar ƙungiya mai kula da marayu. Wani bawan Allah ya rasu ya bar mana wasiyyar kuɗi masu yawa, sun ninka abin da muke kashewa a shekara wajen sau 5. Bai faɗi yadda za a yi da su ba, cewa kawai ya yi don marayu. Kwamitinmu ya rabu biyu. Dattawa na cewa a zuba jari a riƙa cin riba har abada, matasa na cewa ga yara a jerin jira, a ɗauke su yanzu. Ni aka ce in kawo shawara a zama na gaba.
Daga wani ma'aji

AMSA: Ƙanena, Allah ya jiƙan mamacin, ya kuma ba ka ikon riƙe amana. Tun da bai ce a mai da kuɗin waƙafi ba, ba dole ba ne ku kulle su har abada, kuma ina ba ku shawara kada ku ɗaura wa kanku sharaɗin da mai dukiyar bai ɗaura muku ba. Kwamiti zai iya ware su a matsayin jari na dogon lokaci, ya bar wa kansa ƙofar buɗewa idan larura ta kai. Amma fa ka sa lauya ya karanta wasiyyar kalma bayan kalma kafin zaman, domin dokar kowace ƙasa da yadda take fassara irin wannan.

Ka je wa dattawan da lissafi, domin kalmar riba tana da daɗin ji. A ce kuɗin miliyan 100 ne, ko na wace ƙasa. A ce jarin ya kawo 8 a shekara. Hauhawar farashi ta cinye 3, dole a mayar da wannan cikin uwar kuɗi in ana son ta riƙe ƙarfinta. Masu kula da jarin sun ɗauki 1. Abin da ya rage muku na marayu 4 ne. Shi ya sa manyan asusai na duniya ke kashe kashi 4 zuwa 5 cikin 100 a shekara, a Amurka ma doka ta wajabta wa gidauniyoyi masu zaman kansu fitar da kimanin kashi 5. Da wannan lissafi, sai an shekara 25 kafin abin da kuka raba ya kai miliyan 100 ɗin da ke hannunku yau. Yaron da ke jerin jira yanzu, a lokacin ya zama magidanci. Matasanku ba su yi wauta ba.

Kuma wannan lissafin na inda farashi ke zaune lafiya ne. Inda hauhawar farashi ta kai kashi 10, darajar kuɗi na rabewa biyu cikin kimanin shekara 7. In ta kai kashi 20, ko shekara 4 ba za a cika ba. Banki zai ba ku kashi 15, ma'aji ya zo taro yana murmushi, a kashe ribar duka, a takarda miliyan 100 na nan daram, amma abin da za su iya saya ya zube. Ta wannan hanya asusai da yawa suka mutu ba tare da an saci ko kwabo ba. Ko gidauniyar da ke ba da kyautar Nobel ta ɗanɗana. Alfred Nobel ya bar kimanin krona miliyan 31, kuɗin ƙasar Suwidin, ya ce a sa su a takardun da ba su da haɗari. Aka bi maganarsa, darajar kyautar ta yi ta raguwa shekara da shekaru, sai a 1953 gwamnatin Suwidin ta sassauta musu suka samu 'yancin shiga hannun jari sosai. Hannun jarin ma ba tabbas gare shi ba: a 2012 sai da suka rage kyautar daga krona miliyan 10 zuwa 8. Jami'ar Harvard, da duk ƙwararrun da take biya, asusunta ya yi asarar kimanin kashi 27 cikin 100 a shekarar kuɗi da ta ƙare a Yuni 2009.

Su kuma matasan, ga abin da za ka tambaye su. Idan muka ɗauki sababbin yara 200 bana, wa zai biya kuɗin makarantarsu a shekara ta 6, bayan wasiyyar ta ƙare? Maraya ba aikin shekara ɗaya ba ne. Wanda ka ɗauka yana aji 1 ka yi masa alƙawarin shekara 12 ko fiye, ko ka furta ko ba ka furta ba. Cire yaro daga makaranta a tsakiyar hanya, bayan ya saba, zalunci ne na daban.

Manomi ba ya cin iri, amma kuma ba ya zuba wa 'ya'yansa ido su galabaita yana gadin buhun iri fiye da abin da gonarsa za ta ɗauka. Da ni ne a kujerarka, ga abin da zan kai. A fara cike asusun ko-ta-kwana na wata 6, in ba ku da shi, a ajiye shi inda za a iya ciro shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Sannan a ƙirga yara nawa za a iya ɗauka a kai su har ƙarshen karatu, a ware kuɗinsu cikakke a asusu mai sunansa, wanda aka san zai ƙare ranar da na ƙarshensu ya kammala. Asusu mai wa'adi ba abin kunya ba ne. Wani attajirin Amurka mai suna Chuck Feeney da gangan ya rabar da kusan dala biliyan 8, gidauniyarsa ta Atlantic Philanthropies ta rufe a 2020 yana raye. Abin da ya saura bayan wannan shi za a sa a jari mai tsawo, kuma kada a zuba shi wuri ɗaya. Gida ko shaguna na haya suna bin farashi sama, amma suna son gyara, ga ɗan haya mai taurin bashi, kuma ba a sayar da su da gaggawa. Takardun sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, da hannun jarin da ya dace da shari'a sun fi sauƙin juyawa. A haɗa.

Ka tabbata an rubuta ƙa'idar kashewa tun kafin kuɗin su fara haihuwa. Dabarar da manyan asusai ke bi ita ce a ɗauki matsakaicin darajar jarin na shekara 3 da suka wuce, a cire kason daga nan, don kada shekarar albarka ta ruɗe ku, shekarar fari kuma ta durƙusar da ku. Sa hannun mutum biyu a kan kowace fitar kuɗi. Sai abu na ƙarshe, wanda na san zai jawo maka baƙin jini: a rubuta cewa ba a ba ɗan kwamiti ko ɗan'uwansa rance daga asusun, ba a kuma zuba shi a kasuwancin ɗayanku, komai kyan ribar da ya yi alƙawari. Ka kawo wannan tun a zaman farko, lokacin da ba wanda ya riga ya nema, domin in ka bari sai wani dattijo ya buɗe baki, hana shi zai zama cin fuska.

TAMBAYA: Malam, ya halatta in zuba zakkata a irin wannan asusu na waƙafi?
Daga wani ɗan kasuwa

AMSA: Alhaji, fatawa ta malamai ce, ni akanta ne, sai ka kai musu. Abin da zan iya gaya maka ta fuskar aiki shi ne, zakka tana da mutanenta guda 8 da aka ambata a Suratut Tauba, aya ta 60, kuma asalinta a miƙa ta ga masu ita ba tare da jinkiri ba, shi ya sa ƙungiyoyin da suka san abin da suke yi ke buɗe mata asusu nata daban, ba sa gauraya ta da waƙafi ko kuɗin gudanarwa. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ma da ta ƙaddamar da asusun zakka a 2019, haka ta yi. In kana son abin da zai daɗe yana gudana, ka yi shi da sadakar ganin dama, ka fitar da zakkarka daban.

TAMBAYA: Malam, ina shirin barin waƙafi don masu wata cuta da ta yi ajalin mahaifiyata. Tunanina shi ne, idan wata rana aka kawar da cutar, ina kuɗin za su?
Daga wata 'yar'uwa

AMSA: Allah ya gafarta wa mahaifiyarki, ya karɓi niyyarki. Kin yi tambayar da mutane ƙalilan ke yi, kuma abin ya taɓa faruwa. Shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya kafa gidauniyar yaƙi da cutar shan inna a 1938, wadda aka fi sani da March of Dimes. A 1955 aka tabbatar da ingancin rigakafin da likita Jonas Salk ya ƙirƙiro, cutar ta ja baya a ƙasar, a 1958 gidauniyar ta faɗaɗa aikinta, ta koma kan lafiyar jarirai da nakasar da ake haihuwa da ita. Su sun samu sauƙi domin ƙungiya ce mai iya sauya manufarta. Waƙafin da aka rubuta da ƙunci ya fi wuya. Malaman fiƙihu sun ba sharaɗin mai waƙafi nauyi ƙwarai, duk da cewa sun tattauna halin da za a iya musanya kadarar da ta daina amfani, ko a karkatar da amfaninta zuwa mafi kusa da niyyar mai ita. A dokokin da suka samo asali daga Ingila ma kotu ko hukumar kula da ƙungiyoyin jin ƙai na iya yin haka. Amma hanya ce mai tsawo, lauyoyi na ci, kuɗin kuma na zaune. Na ga asusun da aka ƙayyade wa wani gini da ya riga ya rushe, shekaru ana rubuta shi a rahoto ba mai iya taɓawa.

Saboda haka ki rufe wannan ƙofa da hannunki tun yanzu. A takardar waƙafin ki ambaci cutar a matsayin manufa ta farko. A ƙarƙashinta ki rubuta cewa idan buƙatar ta kau, ko kuɗin suka fi ƙarfinta, amintattu na da izinin kashewa a kan marasa lafiya marasa hali masu fama da makamanciyarta. Ki faɗi wanda zai gaji kula da asusun idan ƙungiyar da kika ba ta rushe. Ki kuma yarda a cire ɗan kaso ƙayyadadde don gyaran kadara da biyan mai binciken kuɗi, domin masu waƙafi da yawa kan ce kowane kwabo sai ga majinyaci, su manta cewa rufin ginin zai yi yoyo wata rana. Shaidu biyu, sa hannun lauya, a yi rajista inda dokar ƙasarki ta tanada, kwafi ɗaya a wurin ƙungiyar, ɗaya a wurin magadanki.